Idan Faifan Kwamfuta Ya Fara Mutuwa: A Kwashe Kaya Tukuna, Gyara Daga Baya

Kwamfuta ta tsaya cik ana tsaka da aiki, ko ta nuna shuɗin allo ta ɗauke, an sake kunnawa ta ƙi hawa. Abin da ke fara faɗo wa mai ita a rai ba kuɗin injin ba ne, abin da ke ciki ne: kundin digirin da aka yi shekara da shekaru ana haɗawa, lissafin shago, hotunan biki da na suna, karatuttukan malamai da aka daɗe ana tarawa. A cikin wannan firgici ne mutane ke aikata abin da ke ƙarasa bayanan. A kunna a kashe, a sake kunnawa, a sa manhajar gyara ta kwana tana aiki, ko a kai wa mai gyara ya ce sai an yi fomat. Sau da yawa ba faɗuwar farko ce ke cinye kayan mutum ba, abin da aka yi wa faifan a awannin da suka biyo baya ne.

Kafin komai sai an san abin da ya mutu. Kwamfuta takan ƙi hawa bisa dalilan da ba ruwansu da faifan ajiya, wanda masu gyara ke ce wa had-dis: RAM ta saki, caja ta lalace, babban allon injin ya ƙone, ko Windows ta rikice saboda wuta ta ɗauke tana cikin sabunta kanta. A duk waɗannan bayananka suna nan daram. A kwance faifan, a saka shi cikin 'yar akwatin USB ko a jona shi da adafta a wata kwamfutar, a kwashe abin da ake so, shi ke nan. Wannan ba abin tayar da hankali ba ne. Maganarmu a nan kan faifan da shi kansa ya kamu ne, kuma irinsa yakan yi ta ba da alama tun kafin ranar: folda ta daɗe kafin ta buɗe, kwafi ya maƙale a tsakiya ya ƙi gaba ya ƙi baya, fayil ɗin da ya buɗe jiya yau ya ce ya lalace, ko a riƙa jin wata 'yar ƙara ƙas, ƙas, ƙas daga cikin injin.

Sai an san abin da ke cikin wannan ɗan akwatin ƙarfe za a gane dalilin da ya sa ake cewa a daina kunna shi. A ciki akwai faranti ɗaya ko fiye, na alminiyam ko na gilashi, an shafe su da wani siririn sinadari mai riƙe maganaɗisu. Mota tana juya su, galibi zagaye 5,400 a minti a kwamfutar tafi-da-gidanka, 7,200 a ta tebur. Akwai wani ɗan hannu mai kai da kawo a saman farantin, a bakinsa kuma akwai kan da ke karatu da rubutu. Wannan kai ba ya taɓa farantin. Iskar da juyawar ke haifarwa ce ke ɗauke da shi, a tazarar da ba ta kai nanomita 10 ba. Ƙwayar ƙura guda mai girman maikuron ɗaya ta ninka wannan tazara fiye da sau ɗari. Tsarin tsoho ne, tun 1956 kamfanin IBM ya fito da na farko, mai farantai 50 da ke ɗaukar abin da bai wuce megabayit 5 ba. Abin da ya sauya shi ne cunkoso: faifai mai terabayit ɗaya a yau an yanka shi gurabe kusan biliyan biyu masu bayit 512 kowanne, a fili da bai fi tafin hannu ba. Ƙarzuwar da ido ba zai gani ba tana iya tafiya da hotuna masu yawa.

Idan kan ya sauka ya goga faranti, walau don kwamfutar ta faɗo daga kan gado tana kunne ko don tsufa, yakan kankare ɗan sinadarin nan. Abin da ya kankaru ba ya fita, yana nan cikin akwatin yana yawo, kan ya sake cin karo da shi, ya sake ƙarzar wani wurin. Shi ya sa lalacewar faifai ba ta tsayawa inda ta fara. Kowane minti da ya yi yana juyawa, ɓarnar ƙaruwa take yi, kuma babu mai iya faɗa maka ko saura kwana uku ya rage masa ko saura minti ashirin.

Wanda ya taɓa zama a ɗakin ƙasa da damina ya san yadda ake yi idan azara ta fara lanƙwasa, ƙasa na zubowa daga rufi. Ba a hawa sama da yaɓe a wannan lokaci. Kaya ake fitarwa, kuma na bakin ƙofa ake fara ja, waɗanda ke ƙarƙashin inda ya fi tsagewa a bar su sai ƙarshe. Duk ilimin ceto bayanai yana cikin wannan tsari. Faifan da ke mutuwa ba gyara shi ake yi ba, kwashe shi ake yi, sannan a yi duk gyaran da za a yi a kan abin da aka kwaso.

Kunne ya fi manhaja saurin ba da labari

Kunna faifan sau ɗaya, ka kara kunne. Idan ya tashi da ɗan gurnani mai laushi, ya yi 'yan motsi kaɗan ya natsu, kuma kwamfuta ta gan shi da sunansa da girmansa daidai, to akwai fata za ka iya aikin da kanka. Idan kuwa yana ƙas-ƙas a jere, ya yi shiru, ya sake, kan ne ya kasa karanta abin da yake nema, kuma mafi yawan lokuta ya lalace ne. Idan yana wani ɗan siririn kuka amma farantin bai juya ba, ko kan ya manne a kan faranti ko motar ta ƙage. Idan ana jin gurza kamar ƙarfe na cin ƙarfe, zare wuta nan take, don abin da kake ji bayananka ne ke zama gari. Idan kuma shiru ne baki ɗaya, ko motsi babu, sau da yawa ɗan koren allon da ke bayan faifan ne ya samu matsala, kuma wannan labari ne mai ɗan daɗi, zan dawo kansa. A duk waɗannan hali huɗu na baya babu manhajar da za ta yi maka magani, ko nawa ka saye ta. Manhaja na aiki ne da abin da kan ya iya karantowa, kan da ya karye kuwa ba ya karanto komai.

Ga faifan da ke tashi lafiya, a duba rahoton da yake ajiyewa game da kansa, wanda ake kira SMART. CrystalDiskInfo a Windows ko smartctl a Linux za su nuna shi cikin daƙiƙa, ba tare da sun wahalar da faifan ba. Lambobi uku ne suka fi muhimmanci. Lamba 5 ita ce adadin guraben da suka lalace har faifan ya maye su da na ajiya. Lamba 197 guraben da ya kasa karantawa ne yake jiran ganin yadda za ta kaya, 198 kuma waɗanda ya tabbatar ba su karantuwa. Duk wadda ta wuce sifili a cikinsu, musamman idan tana hauhawa, faifan ya kama hanya. Amma kada rahoton da ya ce lafiya ya ruɗe ka. A 2007 injiniyoyin Google sun fitar da nazari kan faifai sama da 100,000 da suke amfani da su. Sun gano cewa faifan da ya nuna kuskuren karatu na farko ya fi wanda bai nuna ba yiwuwar mutuwa cikin kwana 60 har ninki 39. Sun kuma gano cewa kashi 36 cikin ɗari na faifan da suka mutu ba su nuna wata alama a SMART ba ko kaɗan. Wato idan rahoton ya ce akwai matsala, ka yarda da shi. Idan ya ce lafiya alhali kana jin ƙara, ka yarda da kunnenka.

Abubuwan da ke ƙarasa shi

Babban abin da ya fi damuna shi ne chkdsk, manhajar Windows mai duba faifai, domin da kyakkyawar niyya ake sa shi, kuma Windows da kanta take tayi. Aikin chkdsk shi ne ya daidaita rajistar fayiloli, wato jerin da ke nuna inda kowane fayil yake a faifan, ta zama babu karo a cikinta. Ba a gina shi don ya ceci kayanka ba. Idan ya tarar da shigarwar da ta ƙi karantuwa, yana iya yanke ta, ko ya tattara guntayen ya zuba a wata folda mai suna found.000 da sunayen da ba su da ma'ana. Mafi muni, rubutu yake yi a kan faifan da ba shi da lafiya, kuma idan aka haɗa masa da /r sai ya bi farantin gurbi bayan gurbi na tsawon awanni, yana nacewa a daidai wuraren da suka fi rauni. Ƙarfin da ya rage wa faifan, wanda zai isa a kwashe kaya, sai a ƙarar da shi a nan. Haka ma manhajojin da ke alkawarin farfaɗo da matattun gurabe. Garin neman gira ake rasa ido.

Sai saƙon nan da ke fitowa idan ka jona faifan a wata kwamfuta, mai cewa sai an yi fomat kafin a iya amfani da shi, ko wanda ke neman ka danna Initialize. Amsar ita ce a'a, a rufe shi. Abin da saƙon ke nufi kawai shi ne Windows ta kasa karanta farkon rajistar, ba wai kayan sun tafi ba. Wanda ya riga ya yi fomat na gaggawa ma bai rasa komai da yawa ba tukuna, muddin bai zuba sabon abu a kai ba. Amma cikakken fomat, tun daga Windows Vista, sifili yake rubutawa a kowane gurbi, kuma abin da aka rubuta wani abu a kansa ya tafi har abada. Babu ɗakin gwajin da zai dawo da shi. Saboda wannan dalili ne ba a sauke manhajar ceto a kan faifan da ake son ceta, ba a kuma mayar da abin da aka ceto cikinsa.

Akwai tsohuwar shawara da ke yawo cewa a naɗe faifan a leda a sa a firiza ya kwana. Da zarar ka fito da shi cikin zafinmu, raɓa za ta taru a jikinsa har da kan farantin, ka kunna kan ya bi ta kan ruwa. Bubbuga shi a tebur ma haka. Buɗe murfin a shago ko a ɗaki kuwa, balle da hunturu, ka tuna da lissafin ƙwayar ƙura da tazarar kai. Ƙwararru a ɗaki na musamman suke buɗewa ko a kan teburin da ke tace iska, kuma faifan da wani ya riga ya buɗe a gida ya fi ba su wahala, ya fi tsada, wani lokacin ma su ƙi karɓa.

Yadda ake kwashewa

Kwafi na yau da kullum, wato ka ja folda ka ajiye a wani wuri, ba ya yi wa faifai marar lafiya. Dalili biyu ne. Na ɗaya, fayiloli a warwatse suke, don haka kan zai yi ta tsalle daga wannan gefe zuwa wancan, yana komawa rajista yana dawowa. Na biyu, idan Windows ta ci karo da mataccen gurbi sai ta tsaya a kansa tana maimaitawa, komai ya daskare, daga ƙarshe ta watsar da aikin, alhali bayan wannan gurbi akwai dubban fayiloli masu lafiya da ba a kai gare su ba. Banda haka, Windows tana rubuce-rubucenta a duk faifan da aka jona mata ba tare da ta tambaye ka ba. Idan akwai fayil ɗaya ko biyu ƙanana da rayuwarka ta rataya a kansu, kuma faifan yana buɗewa, ba laifi ka fizge su da farko. Amma kada ka zarce da haka.

Abin da ya dace shi ne cikakken kwafi na faifan dungurungum, gurbi bayan gurbi, daga farko zuwa ƙarshe, ba tare da kula da wane fayil ne a ina ba. Kayan aikin da aka fi amincewa da shi a nan, kuma kyauta ne, shi ne GNU ddrescue, wanda Antonio Diaz Diaz ya rubuta, ya fito tun 2004. A Linux yake aiki, wato wani tsarin tafiyar da kwamfuta daban da Windows. Ba sai ka girka Linux ba, ana iya sa SystemRescue, wani Linux na aikin ceto, a filash a tayar da kwamfuta da shi, yana ɗauke da ddrescue a ciki. A Ubuntu kuma, wani nau'in Linux, sunan da ake sauke shi da shi gddrescue ne. Kana buƙatar wani faifan mai lafiya wanda sararinsa ya fi girman marar lafiyar gaba ɗaya, ba girman kayan da ke ciki kawai ba. Idan da hali a jona marar lafiyar kai tsaye da wayar SATA a kwamfutar tebur, don akwatunan USB masu araha sukan ruɗe su sake faifan da zarar ya yi jinkirin amsawa.

Hikimar ddrescue a tsarin tafiyarsa take. A zagayen farko yana ɗiban manyan yankuna da sauri, idan ya ci karo da wurin da ya ƙi karantuwa ko yake jan ƙafa sai ya tsallake ya wuce gaba, ya kuma biyo ta baya daga ƙarshe. A haka mafi yawan kayan ke tsira tun faifan na da sauran ƙarfi. Bayan nan sai ya dawo ga wuraren da ya tsallake, ya riƙa matsowa daga gefe da gefe har ya iske ainihin inda ɓarnar ta fara da inda ta ƙare. Daga nan ne yake bin tsakiyar gurbi ɗaya-ɗaya, sai kuma maimaici a kan waɗanda suka ƙi, idan ka umarce shi. Wahala ce ke zuwa ƙarshe, lokacin da ko faifan ya mutu asarar kaɗan ce.

Abu na biyu da ya sa ba na haɗa shi da komai shi ne taswirar da yake rubutawa, ɗan ƙaramin fayil da ke riƙe da lissafin inda aka karanta, inda aka tsallake da inda ya ƙi. Ga mu da wuta ke ɗaukewa ba sallama, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Faifai mai terabayit ɗaya idan lafiyarsa ƙalau kwafinsa kan ɗauki wajen awa uku, marar lafiya kuwa yana iya cin kwanaki. Idan NEPA ta ɗauke, ko faifan ya yi zafi ka kashe shi ya huta, da ka sake ba da umarnin nan da taswirar nan zai ci gaba daga inda ya tsaya, ba zai sake taɓa gurbin da ya riga ya samu ba. Duk da haka a yi ƙoƙari a yi aikin a kan inbata ko UPS, don yankewar wuta farat ɗaya da hawa da saukar janareto suna ƙara wa faifan rauni. A kuma sa masa fanka. Masu ƙera faifai ba sa so zafinsa ya haura digiri 55 zuwa 60, kuma a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri faifan da ke aiki ba tsayawa ba ya daɗewa bai kusanci nan ba.

Umarnin kansa gajere ne. Da farko a rubuta lsblk -o NAME,SIZE,MODEL,SERIAL a tabbatar wane ne wane. A ce marar lafiyar shi ne sdb, mai lafiyar kuma an ɗaura shi a /mnt/sabo. Zagayen farko:

ddrescue -d -n /dev/sdb /mnt/sabo/kwafi.img /mnt/sabo/taswira.map

Harafin n na nufin kada ya tsaya bin gurbi ɗaya-ɗaya tukuna. Idan ya gama, kuma faifan bai fara sabuwar ƙara ba, sai a sake da -r3 a madadin -n, ya gwada sauran har sau uku. A nan a nutsu sosai: wanda ake kwasowa daga gare shi ne a farko, inda ake zubawa a biyu. Wanda ya juya su yayin kwafi daga faifai zuwa faifai zai shafe kayansa da hannunsa, kuma babu gyara. A duba lambar da ke jikin faifan a gwada da wadda allo ya nuna kafin a danna. A kuma zauna kusa da shi. Idan saurin ya faɗi warwas ya ƙi tashi, kurakurai na ta hauhawa, ko ƙas-ƙas ta fara, a dakata. Sanin lokacin tsayawa na cikin aikin. Wani lokaci za ka ga yana karanta wani yanki lafiya, ya kasa na gaba, ya sake karanta na gaba, a jere haka daidai wa daida. Wannan alama ce ta cewa a cikin kawunan faifan, da yake kowace fuskar faranti da nata kan, ɗaya ya mutu, sauran na aiki, kuma nacewa ba za ta tashe shi ba.

A kan kwafin ake gyara

Da kwafi ya kammala, a zare marar lafiyar a ajiye shi gefe. In akwai sarari a sake kwafin kwafin, don a samu na gwaji. Yanzu duk kuskuren da aka yi ana iya komawa baya, hankali ya kwanta.

Sau da yawa kwafin yakan buɗe kai tsaye, foldoji da sunayensu, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Idan bai buɗe ba, to rajista ce ta taɓu. A tsarin NTFS na Windows akwai babbar rajista mai suna MFT, inda kowane fayil ke da shigarwarsa: sunansa, ranarsa, da guraben da jikinsa yake. Goge fayil ba ya taɓa jikin, alama kawai ake sa wa shigarwar cewa wurin ya zama fili. Shi ya sa ake iya dawo da abin da aka goge. TestDisk, wanda Christophe Grenier na Faransa ya rubuta, yana nemo ɓangaren faifai da ya ɓace ya gyara teburin rabo, wato lissafin yadda aka rarraba faifan, kuma da yake NTFS na ajiye kwafin gurbin tashi, wato gurbin farko mai nuna inda rajista take, a ƙarshen ɓangaren, yakan ɗauko shi ya maye wanda ya lalace. DMDE da R-Studio, waɗanda ake saye, sun ƙware wajen tattaro ragowar MFT su sake gina foldoji.

Idan rajistar ta tafi gaba ɗaya, saura hanya ta ƙarshe, ita ce PhotoRec, abokin tafiyar TestDisk. Shi ba ruwansa da rajista. Bin kwafin yake yi yana neman alamar da kowane irin fayil ke farawa da ita, ta hoton JPEG daban, ta PDF daban, ta Word daban, iri ɗaruruwa. Yana samo abubuwa da yawa, har waɗanda ka goge shekaru da suka wuce. Sai dai suna zuwa ne ba suna ba folda, lambobi kawai, dubbai a jibge, kuma babban fayil da aka ajiye shi gutsi-gutsi a wurare daban-daban, kamar dogon bidiyo, yakan fito a karye. Mai neman kundinsa zai zauna ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Da wahala, amma ta fi rashi.

Inda hannunka ba ya kaiwa

Faifan da ya yi shiru gaba ɗaya sau da yawa wuta ce ta buge shi. Abin da ya fi jawo haka a manyan faifan waje shi ne kuskuren caja: nasu bolt 12 ne, na kwamfutar tafi-da-gidanka kuwa galibi 19, kuma bakinsu na iya shiga ramin juna. A kan koren allon akwai 'yan ƙananan kariya da ake kira TVS, waɗanda ke ƙonewa don su tare wa sauran. Mai gyaran da ya san aikinsa zai auna ya gane, kuma bayanan na nan ba abin da ya same su. Sai dai a kula da masu cewa a ciro allon wani faifai irinsa a ɗaura. A faifan zamani akwai ɗan guntun ROM a kan allon mai ɗauke da ma'aunin da aka daidaita wa wannan faifai shi kaɗai a masana'anta. Sai an ciro shi an dasa a sabon allon. Idan guntun ya ɓace ko ya fashe garin cirewa, aikin ya koma babba.

Wani lokaci kuma ƙarfe lafiya, faranti lafiya, manhajar cikin faifan ce ta sarƙe. A farkon 2009 hakan ta faru da Seagate Barracuda 7200.11: faifai da yawa suka daina bayyana bayan an kashe an kunna, alhali bayanan ko ƙwarzane babu, har kamfanin ya fitar da gyara. Irin wannan, da sauya kai daga wani faifai ɗan'uwansa, aikin masu na'urori ne irin su PC-3000 na kamfanin ACE Lab, waɗanda ke magana da faifan ta ƙofar da kwamfuta ba ta shiga, har su kashe mataccen kai su karanta da sauran. Kuɗinsu kan ninka kuɗin sabon faifai, don haka mai kaya ne zai auna darajar abin da ke ciki. In dai ya kai, to a kai musu tun ba a jagwalgwala shi ba.

Abin da ya faru da kumbon Columbia ya nuna iyakar abin. Kumbon ya tarwatse a sararin Amurka ranar 1 ga Fabrairu 2003. A cikin tarkacen da aka tsinta a Texas akwai wani ƙonannen faifan Seagate mai ɗauke da sakamakon gwajin kimiyya kan iskar zenon. Injiniyoyin kamfanin ceto bayanai na Kroll Ontrack suka ciro farantan, suka wanke, suka dasa su a wani faifan, suka samo kusan kashi 99 cikin ɗari na bayanan, don ɓarnar ta faɗa ne a ɓangaren da ba a yi rubutu ba. Wasu faifai biyu daga kumbon kuwa ba a samu komai a cikinsu ba, zafi ya riga ya kashe maganaɗisun. Magana dai a kan fuskar faranti take. Muddin tana nan akwai hanya, in ta kankare babu.

Abu biyu na zamani suna sauya wannan lissafi. Na farko kulle bayanai. Kwamfutoci da yawa masu Windows 11 suna zuwa da BitLocker a kunne ba tare da mai ita ya sani ba. Za a iya yin cikakken kwafi, amma ba zai buɗe ba sai da mabuɗin ceto mai lamba 48, wanda galibi yana cikin asusun Microsoft da aka shiga kwamfutar da shi. Wanda ya sayi ta hannu, ko wani ya buɗe masa asusun ya manta, ya nemi wannan mabuɗi tun yau. Na biyu SSD, sabon nau'in ma'ajiyar kwamfuta wanda ba shi da faranti ko kai. Ba ya ƙara, yakan ɗauke ne farat ɗaya, kuma saboda umarnin TRIM, wanda ke sa shi share guraben da aka daina amfani da su, abin da aka goge a cikinsa yakan shafe na gaske cikin ɗan lokaci. Dokar yin kwafi tukuna tana aiki a kansa, amma fatan dawo da gogagge kaɗan ne.

Mafi yawanmu dai wurin mai gyara za mu nufa, ko a Farm Centre da titin Beirut a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja. Akwai masu hannu sosai a cikinsu, amma abin da aka fi kawo musu shi ne kwamfuta ta tashi, kuma hanya mafi sauri ita ce fomat da sabuwar Windows. Don haka kai ne za ka faɗi abin da ya kawo ka, baki da baki: "Injiniya, don Allah ba tashin kwamfutar ne ya dame ni ba, kayan ciki nake so. Kada a yi fomat, kada a sa chkdsk, kada a buɗe faifan." Ka tambaye shi ko zai yi cikakken kwafi kafin ya taɓa komai, da kuma manhajar da zai yi kwafin da ita. Amsarsa za ta nuna maka ko ka bar faifan ko ka ɗauki abinka. Ka tafi da naka faifan da za a zuba kayan, a sa wa kwamfutar sabo, tsohon a ba ka a hannu. Sannan ka tuna duk sirrinka na ciki, hotunan iyali da takardun banki, don haka a zaɓi mai amana, a kuma yi magana a kan goge kwafin da ya rage a wurinsa bayan an gama.

Ganin sunan fayil a folda ba ya nufin ya tsira. Inda ddrescue ya kasa karantawa rami ne ya rage a cikin kwafin, kuma fayil ɗin da ramin ya faɗa a kansa zai nuna girmansa daidai amma hoton ya fito rabi toka-toka, ko takardar ta ƙi buɗewa. A buɗe muhimman ɗaya bayan ɗaya a gani da ido, a kuma ajiye su wuri biyu daban kafin a ce an gama. Taswirar da tsohon faifan a adana su har sai an tabbatar, domin idan wani abu mai muhimmanci ya faɗa cikin ramin, ƙwararre zai iya ɗorawa daga inda taswirar ta nuna maimakon ya sake wahalar da faifan daga farko. Bayan nan kada a sake ba tsohon faifan ajiya ko da fomat ya sa ya yi kamar ya warke, kada kuma a sayar wa 'yan gwangwan da shi haka nan, a huda farantan tukuna.